Mai PCOS da aka ce ta sha bitamin D, ga yadda za ki bi abin kafin ki ɓarar da kuɗinki

Na fi shekara uku ina dirzar bayan wuyana da soso, har dutsen goge kaushi na taɓa sawa wallahi, saboda wani baƙi da ya kwanta min a wurin, lumus-lumus kamar an kwaɓa toka da mai an shafa, ni ina ganin dauɗa ce, yayata ma haka, duk ranar da za ta yi min kitso sai ta ce wai ke ba kya cuɗa wuyanki ne. Al'adata kuwa sai ta yi wata uku wata huɗu ban ganta ba, in ta tashi zuwa kuma sai ta yi sati biyu tana zuba har lissafin sallata ya rikice, in yi ta bin malamar islamiyyarmu da tambaya ko haila ce ko jinin ciwo. Ga gashi tsilli-tsilli a haɓa da nake ɓuya a ɗaki ina tsigewa, ga ƙuraje a muƙamuƙi, ga tumbi yana ta fitowa alhali ba wani ci nake ba. Duk wadda na faɗa wa sai ta ce sanyi ne. Na sha maganin sanyi kala-kala, na jiƙo da na dafawa da na kemis, babu abin da ya canza.

Da aka gano PCOS ce, wato lalurar rikicewar homon, sinadaran da ke tafiyar da al'ada da haihuwa, wadda ke hana ƙwai fita a kan lokaci, abu na biyu da ya same ni shi ne ruwan shawara, kuma wadda ta fi yawa ita ce ki sha bitamin D, wance ta sha wata biyu ta samu ciki. Toh na sha, kuma ina cikin waɗanda jikinsu ke buƙatarsa da gaske dan gwaji ya nuna nawa ya yi ƙasa. Amma abin da nake so ki riƙe tun daga nan shi ne bitamin D cike giɓi yake yi in akwai giɓin, ba shi ne tushen ciwon ba, a wajen yawancinmu tushen yana wajen insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa sassan jiki, kuma wadda ta tsaya kan kwalbar bitamin kawai ta bar jaki ne tana dukan taiki.

Ki fara tabbatarwa ita ce ɗin

Kar ki yanke wa kanki hukunci dan kin ga alamominki sun yi kama da na ƙawarki. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayanin wannan lalura a jikin mata 7, ma'aunin da likitoci ke aiki da shi yanzu kuma a birnin Rotterdam na ƙasar Holan aka tsayar da shi a 2003. Abu uku ake dubawa, in an samu biyu a ciki shikenan. Na ɗaya rikicewar al'ada, wato tsakanin wannan zuwa da wancan ya haura kwana 35 ko ya gaza 21, ko ki ga ba ki yi al'ada sau 8 a shekara ba. Na biyu alamar homon ɗin maza ya yi yawa, ko a gani da ido kamar gashin haɓa da ƙirji da mara da ƙuraje da zubewar gashin tsakiyar kai, ko a gani a jini. Na uku abin da sikanin ya nuna a gidan ƙwai.

Wannan na ukun shi ne yake tayar wa mata hankali, mai sikanin ya juyo da allon ya nuna miki wasu baƙaƙen ɗigo sun jeru a gefe kamar carbi, ke kuma ki fita kina kuka kin ɗauka ƙari ne ya fito miki za a yi aiki. Ba ƙari ba ne 'yar uwa. Ƙananan buhunan ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya, babu wanda ya nuna balle ya fita. Kuma sikanin shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, mata da yawa masu lafiya ƙalau suna da wannan hoton, musamman 'yan mata, shi ya sa jagorar duniya ta 2023 da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranta ta ce kar a dogara da sikanin ga yarinyar da ba ta yi shekara 8 da fara al'ada ba.

Sannan dole a kore wasu abubuwan da ke shigowa da irin wannan kamar. Gwajin ciki tukuna, ko da kina ganin ba zai yiwu ba. Sai na tayirod, wata ƙwaya da ke gaban wuya mai fitar da homon, wanda za ki ga an rubuta TSH, sai firolaktin wato homon ɗin da ke kawo ruwan nono, sai wani da ake rubuta 17-OHP. In kina kan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa, dan gwajin testostiron, wato homon ɗin mazan nan, ba ya faɗin gaskiya sai an yi kamar wata uku da dainawa. In kuma gashin ya taso miki ne farat ɗaya cikin 'yan watanni har murya ta fara kauri, wannan ba na jira ba ne, ki ga likita a satin.

Akwai wani abu da kunya ke hana mu faɗa kuma yana ɓata wa likita lissafi. In kin taɓa shan sha-ka-fashe ko wani haɗin ƙiba da ƙarin mazaunai da ba ki san me aka zuba a ciki ba, ko kina shafa man bilicin mai ƙarfi shekara da shekaru, dan Allah ki faɗa. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, irin su dekza, shi kuma yana ɗaga suga, ya rikita al'ada, ya kawo gashi da ƙuraje da kumburin fuska, komai sak PCOS. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali.

Yadda insulin ke hargitsa homon

Nan ne nake so ki natsu, dan in kin gane wannan sauran duk za su zo miki da sauƙi. In kin ci tuwo ko shinkafa ko biredi, jiki yana mayar da shi suga ya shiga jini, sai wani sashe da ke bayan tumbi, fankiriyas, ya saki insulin. Ki ɗauke shi kamar yaron da aka aika da kwanon abinci ya tsaya a zaure yana sallama, tsoka da sauran sassan jiki su ne mutanen gidan, su amsa su buɗe su karɓi sugan. Toh a jikin mai wannan lalura mutanen gidan sun yi nauyin ji, yaro ɗaya ya yi ta sallama shiru, sai a ƙaro yara biyar, a ƙaro goma, su yi ta dukan ƙofa har a buɗe. Abincin ya shiga kam, shi ya sa za ki gwada suga da safe ki ga lafiya lau ki ce ai ni ba ni da matsala, amma hayaniyar yaran nan ta riga ta tashi maƙwabta.

Maƙwabcin farko gidan ƙwai ne, shi kunnensa garau yake, yawan insulin ɗin nan yana haɗuwa da homon ɗin LH da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa su sa shi ya yi ta ƙera testostiron fiye da ƙima, wannan ne ke tsayar da ƙwai a hanya. Na biyu hanta. Hanta tana yin wani furotin mai suna SHBG wanda aikinsa ya riƙe testostiron kamar akuyar da aka ɗaure a turke, in insulin ya yi yawa sai hanta ta rage yinsa, turaku su yi kaɗan, awaki su bazu cikin gida, su ne za ki gani a haɓa da fuska. Na uku fata, wannan baƙin na wuya da hammata da matsematsi da na yi ta dirza, insulin ne ke sa fatar wurin kauri ta yi duhu, har da 'yan ƙananan tsiron fata da ke reto a wuya. Sannan insulin mai son ajiya ne, yana tara kitse a ciki, kitsen ciki kuma yana ƙara toshe kunnen jiki, abu ya zama zagaye. Siririya ma kar ta ce ta tsira, akwai sirara masu PCOS da insulin ɗinsu ke sama.

Gwajin da ya fi kamo wannan shi ne OGTT. Za ki kwana ba ki ci komai ba na aƙalla awa 8, ruwa kawai, a ɗebi jini, a ba ki ruwan gulukos giram 75 ki shanye cikin minti biyar, zaƙinsa har hawa kai yake yi, ni sai da na runtse ido na toshe hanci, sannan ki zauna awa biyu cur ba yawo ba ciye-ciye, a sake ɗiba. Na safe in ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, ko 1.26 g/L yadda ake rubutawa a Nijar, ciwon suga ne. Daga 5.6 zuwa 6.9 an tsaya a bakin ƙofa. Na bayan awa biyu kuma daga 7.8 zuwa 11.0 bakin ƙofa ne, 11.1 zuwa sama an shiga. Akwai HbA1c, gwajin jini da ke nuna yadda suga ya kasance a 'yan watannin baya, shi ba ya buƙatar zama da yunwa, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi, 6.5 ciwon suga, sai dai a wajenmu a yi hattara da shi dan yana iya yin ƙarya a jikin mai sikila ko mai ƙarancin jini, mu kuma da muke zubar da jini sati biyu ƙarancin jini ba baƙonmu ba ne. Gwajin insulin ɗin kansa kar ki wahalar da aljihunki, ba a ba da shawararsa a aikin asibiti na yau da kullum. In na suga ya fito lafiya a maimaita duk shekara 1 zuwa 3, a haɗa da awon hawan jini da na kitsen jini.

A gida ma akwai awon da ba ya cin ko sisi. Ki ɗauko tef ɗin tela ki zagaya cikinki daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. In ya kai santimita 80 a fara lura, ko kuma ki duba ko ya wuce rabin tsawonki. Wannan lambar ta fi abin da sikeli ke nunawa amfani a wajenmu.

Sai maganar bitamin D

Sunansa bitamin amma aikinsa na homon ne. Fata ce ke ƙera shi in wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta, ya wuce hanta a juya shi, ya wuce ƙoda a sake juya shi sannan ya fara aiki. Babban aikinsa da kowa ya yarda da shi shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam dan ƙashi, amma an samu wuraren karɓarsa a fankiriyas da gidan ƙwai da mahaifa, kuma an lura mata masu PCOS da yawa nasu yana ƙasa, waɗanda nasu ya fi ƙasa kuma sau da yawa su ne insulin ɗinsu ya fi hawa. Daga nan zancen ya samo asali, ba ƙarya aka ƙirƙira ba.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Bitamin D a kitse yake narkewa, mai jiki kitsenta yana riƙe shi ya hana shi yawo a jini, kinga ƙibar da insulin ya kawo ita kanta tana iya sa gwaji ya nuna ƙasa. Da aka zo aka gwada da gaske, a birnin Graz na Ostiriya an ɗauki mata 180 masu PCOS, wasu aka ba su bitamin D IU 20,000 (IU ma'aunin yawan bitamin ne) duk sati har sati 24, wasu aka ba su na bogi, da aka fitar da sakamako a 2019 babban abin da aka je nema na gyaruwar suga bai nuna wani bambancin kirki ba, homon ɗin ma haka. A shekarar dai a Amurka an fitar da wani babban bincike mai suna D2d, mutum 2,423 da ke bakin ƙofar ciwon suga, IU 4,000 kullum, shi ma ragin da aka gani bai kai a kafa hujja da shi ba, sai 'yan kaɗan da suka shiga da ƙaranci mai tsanani, su kam an ga alamar sun amfana. Akwai ƙananan bincike da suka ga ɗan sauƙi a insulin ko al'ada. Ni abin da na fahimta a ciki, wadda take da ƙaranci ta cike za ta iya ganin alheri, wadda nata ya isa ƙari ba zai ƙara mata komai ba sai ramin aljihu.

Za ki ce mu da rana ke gasa mu ina mu ina ƙarancin bitamin D. Haka ni ma na ce. Sai likitar ta ce in ba ta labarin yinina, da na fara lissafi sai na ga daga ɗaki sai kicin, gidan haya ne da aka rufe tsakar gidansa da rumfar kwano, in zan fita hijabi har ƙasa da safa, daga ƙofa sai cikin adaidaita, daga adaidaita sai ofis, in dawo bayan la'asar. Zafin ranar nake sha amma haskenta bai taɓa fatata ba sai fuska da tafin hannu. Ga shi baƙar fata ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana kafin ta ƙera daidai gwargwado, hasken da ya ratso gilashin taga kuma ba ya yi dan gilashi yana tare UVB ɗin.

Gwajin da za ki nema sunansa 25(OH)D, ki duba takardar da kyau dan akwai wani mai kama da shi da aka sa 1,25 a gaba, ba shi ba ne. In ya fito ƙasa da 20 ng/mL akwai ƙaranci, ƙasa da 12 ya yi tsanani, daga 30 zuwa sama kowa ya yarda ya isa, tsakanin 20 da 30 kuma masana kansu ba bakinsu ɗaya ba. In an rubuta miki da nmol/L ki raba da 2.5. Nawa 14 ya nuna. Gwajin yana da tsada kuma ba kowane lab ke yi ba, in kuɗin hannunki na gwaji ɗaya ne tak ni dai na suga zan ce ki fara yi.

Wajen sha, abin da babba ke buƙata a rana IU 600 ne, iyakar da aka ce kar a wuce ba tare da kulawar likita ba kuma IU 4,000 a rana. Wasu kwalaben da mcg suke rubutawa, mcg 1 daidai yake da IU 40, wato 25 mcg shi ne IU 1,000. Mai ƙaranci tabbatacce likita kan ba ta IU 50,000 sau ɗaya a sati na sati 8, sannan a dawo da ita ƙarami na kullum kamar 1,000 zuwa 2,000. Ki ji da kyau, a sati na ce, dan na san wadda ta ɗauka kullum ne ta yi ta haɗiyar na 50,000 duk safiya har sai da amai da ƙishirwa da yawan fitsari da bushewar ciki suka kai ta gadon asibiti, kalsiyam ya cika mata jini. Shi ba ya fita a fitsari yadda bitamin C ke fita, taruwa yake yi, yana iya kawo tsakuwar ƙoda ya taɓa ƙodar kanta. Ki nemi D3 in akwai, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo ba da cikin wofi ba, in kuma kina shan wani haɗin bitamin na mata ki duba ko akwai shi a ciki ki haɗa lissafi. Mai ciwon ƙoda ko wadda ta taɓa yin tsakuwa kar ta fara sai da izinin likita. Bayan wata uku a sake gwadawa.

Rana kuwa kyauta ce, kuma babu wanda ya ce ki fita titi ba lulluɓi. Tsakar gida ko bayan ɗaki ko saman bene inda ba idon kowa ya isa, ki zauna da ɗaurin ƙirji ko riga mara hannu, damatsa da ƙwauri a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30 sau uku ko huɗu a sati, kina tsinkar zogale ko tsintar wake. Mun taso ana ce mana ranar sassafe ce mai bitamin, amma gaskiya ta sassafe UVB ɗinta kaɗan ne, sai hantsi ya ɗaga sosai, dabarar ita ce ki kalli inuwarki, in ta fi ki gajarta lokacin ya yi. A bazara ki rage ki sha ruwa, mai bilicin kuma fatarta ƙonewa take yi da wuri, wani dalilin ke nan na dainawa. A abinci ba shi da yawa, kifin sadin na gwangwani, kifi taitus, gwaiduwar ƙwai, hanta. Man hantar kifi yana da shi amma cike yake da bitamin A, mai ciki ko mai neman ciki ta bar shi. Kar kuma ki manta da kalsiyam, a Jos an yi bincike da aka buga a 1999 kan yara masu gwame da lanƙwasar ƙafa, aka ga kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai gyara su, wato mu nan sau da yawa shi ne abincinmu ya rasa. Za ki same shi a nono da kindirmo da miyar kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Aikin da ya fi kwalba wuya

Abin da ke buɗe kunnen jiki ga insulin shi ne abin da ke shiga baki da motsin tsoka, kuma ba sai kin sayi abincin Turawa ba, jagorar 2023 ɗin nan ma cewa ta yi babu wani tsarin cin abinci guda da ya fi saura, wanda za ki iya ɗorewa a kai shi ne naki. Ki fara da abin sha dan nan ne muka fi cutuwa ba mu sani ba. Lemon kwalba, zoɓo da kunun aya na sayarwa da aka narka wa suga, shayi mai madarar ruwa da cokali uku, fura da ake damawa da suga kamar ba gobe. Sai kayan gyara, gumba da tsumi da haɗe-haɗen da aka cika da mazarƙwaila da zuma da dabino, a ce ki sha safe da dare, wallahi ga mai PCOS wannan ƙara wa wuta fetur ne, zuma ma suga ce a wajen insulin.

A faranti kuma juya lissafin za ki yi. Maimakon malmala uku da ɗan miya a gefe, malmala ɗaya da miya mai ganye da yawa da nama ko kifi ko ƙwai. Shinkafa da wake a sa waken ya rinjaya. Alala, ɗanwake da kabeji da tumatir da dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli, faten wake, dambu da ganye ya fi tsaki yawa, tuwon dawa ko gero ko acca a madadin na farar shinkafa kullum. Ki fara cin ganyen da naman kafin ki kai ga tuwon. Karin safe na biredi da shayi zalla shi ne ke sa ƙarfe sha ɗaya ki ji jiki na rawa kina neman abin zaƙi, ki gwada ƙosai ko ƙwai ki ga bambanci. Kar ki yi horon yunwa, kwana huɗu za ki yi ki dawo ki ci ninki.

Motsi ana so a samu minti 150 zuwa sama a sati na tafiyar da za ta sa ki ɗan haki, da kwana biyu na abin da ke sa tsoka aiki, tsugunna-tashi, ɗaga jarkar ruwa, daka ma in kina yi ya shiga. Wanda ya fi min sauƙi shi ne zagayen tsakar gida minti goma zuwa sha biyar bayan cin abincin dare maimakon in miƙe a kan katifa da waya. Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta sau da yawa al'ada tana fara daidaita, mai kilo 80 kilo 4 zuwa 8 ke nan, ba wai sai ta koma kamar budurwa ba. Barci ma yana ciki, in maigida yana ce miki kina munshari har numfashi na sarƙewa ki faɗa wa likita. Haka in kin ga damuwa ta yi miki katutu, kuka ba dalili, ba kya son shiga mutane saboda gorin haihuwa ko kallon haɓa, wannan ma cikin lalurar yake kuma ana duba shi.

Magani kuma ya danganta da abin da kike nema yanzu. In ba ciki kike nema ba, ƙwayar tazarar haihuwa mai homon biyu ita ce ta farko wajen daidaita al'ada da rage gashi da ƙuraje, ba ta kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa, amma ba kowa ake ba ba, mai hawan jini ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya sai an nemo mata wata hanya. Gashi yana ɗaukar wata shida kafin ki ga sauƙi. Abin da ba na so ki yi wasa da shi, kar ki bari ki wuce kwana 90 ba al'ada kina cewa kin huta, bangon cikin mahaifa yana ta kauri ne ba ya zubewa, shekaru suna tafiya yana iya rikiɗa ya zama kansa, akwai ƙwayar da likita ke bayarwa ta 'yan kwanaki ta sauko da shi. Metfomin shi ne mai taɓa insulin kai tsaye, ana farawa da 500 mg tare da abinci a ƙara a hankali dan yana ɓata ciki a farko, wadda ta daɗe a kansa a riƙa duba mata bitamin B12, da azumi kuma a tambayi likita yadda za a raba shi tsakanin buɗa baki da sahur.

In haihuwa kike nema kuma al'adarki a rikice take, kar ki zauna jiran shekara, ki je wajen likitan mata, maigida ma a gwada maniyyinsa tun a farko kafin a ɗora miki magani wata da watanni. Maganin farko na sa ƙwai ya fita yanzu letrozol ne, a wani bincike na mata 750 a Amurka da aka buga a 2014 kashi 27.5 na masu shansa sun haihu, masu shan kulomid, tsohon maganin da ake bayarwa dan wannan aikin, kashi 19.1. Kar ki saya a kemis ki sha da ka dan maƙwabciya ta sha ta haifi tagwaye, ana bin sa ne da sikanin. Ki fara folik asid 400 mcg tun kafin cikin ya shiga, a duba suganki kafin ciki da kuma tsakanin sati 24 zuwa 28 dan mun fi saura haɗarin sugan ciki. Mafi yawan masu PCOS suna haihuwa, wasu da kansu wasu da taimakon magani, duk wanda ya kira ki juya bai san abin da yake faɗa ba.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, awon ciki duk wata, da sunan duk abin da kike sha har na gargajiya, ki tafi da shi duk ranar ganin likita tare da tsofaffin takardun gwaji a leda ɗaya. Ni bitamin D ɗina wata uku ya hau ya kai inda ake so, ciwon ƙafa da kasalar da nake tashi da su suka ragu, amma al'ada ba ta motsa ba sai da tef ɗin tela ya fara nuna ragi wajen wata na bakwai, ina kan metfomin ina zagayen dare. Baƙin wuyan ya fi komai jinkiri, ya haura shekara kafin ya washe, na hammata har yanzu da saura.